Kaftanin da Na Ɗinka wa Yaya

Shekara ashirin ina ɗinki a Tsafe, kuma ina taƙama idona ya fi tef iya awo. Wannan idon ne ya yaudare ni a kan yayana.

Manomi ne a Bilbis. Yana cikin huɗa wata rana ƙirjinsa ya riƙe, ya faɗi tsakanin kunya. Aka kai shi asibiti a Gusau, aka ce jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe. Ya dawo gida a rame, har ana ƙirga haƙarƙarinsa.

Bayan wata huɗu ya zo shagona awon kayan Sallah. Na zagaya masa tef a ciki, na ga ya ƙaru da inci biyar. Ƙafarsa ma ta cika takalmi dam. Daɗi ya kama ni.

"Yaya, wanga tumbi hwa? Ko gonar ka saida kana cin kaji?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Kai dai yi aikinka. Lahiya ta samu."

Na ga yana haki daga bakin titi zuwa shago, amma na ce nauyin jiki ne. Har saƙo na aika wa matarsa, na ce ta ƙara masa romo da kunun kanwa, hannunta na da albarka. Na yanka shadda a wadace, na yi masa aiki a wuya ban karɓi ko sisi ba.

Saura kwana goma Sallah, matarsa ta kira ni, ta ce ya daina iya sujada, da ya sunkuya sai numfashi ya ɗauke. Muka koma Gusau. Likitar, wata mace mai ƙarancin magana, ta danna babban yatsanta a ƙwaurinsa, ta ɗaga. Gurbin ya zauna kamar a ƙullin fura.

"Malam, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne," in ji ta. Ta ce ranar da jijiyar ta toshe, wani ɓangare na naman zuciyar ya mutu ya zama tabo, tabo kuwa ba ya matsawa. Abin da ya rage yana tura jini, amma ƙarfinsa bai kai ba. Jinin sai ya riƙa taruwa a baya, ruwansa ya tsattsafo cikin ƙafa da ciki da huhu. Gishiri da kanwa kuma ƙara ruwan suke yi.

Na san yadda keken ɗinki yake in bel ɗinsa ya saki: kana ta taka feda, allura da ƙyar take motsi. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, don ni na auna ciwon da hannuna, na yi masa barka.

Kwana bakwai ana ba shi maganin fitar da ruwa. Ranar Idi ya sa kaftanin, ya yi salla a kan kujera, rigar tana lilo a jikinsa. Na ce ya ba ni in rage ta.

"Bar ta haka," ya ce. "Likita ta ce ruwan shina iya dawowa. Ba mu da sikeli gida. Ran da ta yi man daidai, mun san Gusau za mu."

Ya zama duk Juma'a yana sa ta, ni kuma ina duban yadda take zuba daga kafaɗarsa, ina hamdala. Sau biyu ta fara kama shi, muka garzaya, aka rage ruwan. Muka ci shekara biyu haka.

Daminar da ta wuce ya sauko daga mota a gaban shagona, yana dafa bango. Bai ko yi sallama ba, ya buɗe hannuwansa don in gani. Kafaɗa, ciki, wuyan hannu, ko'ina ta zauna cas. Tun da na fara riƙe almakashi ban taɓa ɗinkin da ya yi wa mutum daidai haka ba. Na rufe shago, na tare mana mota.