Ƙwan Fitila a Baƙin Gilashi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Idirisu Ringim, mai shagon buga takardu a nan Dutse. Ya idar da La'asar, ya zauna a bencin ƙofar masallaci, bai sake tashi ba.

Baba Malam, ni ce Afra'u, wadda ka ɗauka aiki lokacin da kowa ke cewa mai ciwon ido ba ta da abin yi gaban kwamfuta. Shagonmu ba taga, ko da rana tsaka sai da fitilar tebur. Ni kuwa da taurin kaina sai in saita ta a fuskar kwamfutar, hasken ya dawo min cikin ido, in wuni ina hawaye. Likita ya ce in haka ta ci gaba in nemi wata sana'a. Wace sana'a? Da wannan nake riƙe da mahaifiyata.

Kai ka koya min dabara. Ka ce in kashe kwamfutar in dubi baƙin gilashinta; muddin ina hango ƙwan fitilar a ciki, ba ta zauna daidai ba. Sai ka matsar da ita gefe, ka sunkuyar da kanta kan takarda. Kullum da safe kai kake yi min, sannan ka tsaya a bayana kana yi min tsiya, ina kallon farar hularka a gilashin.

Safiyar Larabar ma haka ka yi. Ka ce, "'Yata, kina ganin ƙwan?" Na ce a'a. Ƙofa na gani, da fanka, da fuskata. Kai ne ban gani ba, alhali ga ƙamshin turarenka, ga numfashinka a bayana. Na kasa waiwayowa.

Tun daga ranar ban ƙara duban gilashin a kashe ba. Mai shara ta gusar da fitilar, na bar ta a haka, idanuna suka koma jajir. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma wallahi tsoro nake ji, kada in duba in gan ka, ko in duba in rasa kaina a ciki, kamar yadda na rasa ka.

Jiya idona na hagu ya fara ganin hazo. Yau na yi bisimilla, na duba. Ƙwan yana nan, na yi ta matsar da fitilar har ya ɓace. Babu kowa a bayana, Baba. Nan na yi kukan da na kasa yi ranar jana'izarka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Mu'minatu, matar Baba Malam, da ke da ɗanku Talha da ƙannensa, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.