Albasar Ƙanwata

Lokacin canjin kuɗi, daga wayar ƙanwata na fara jin labarin. Ta taso daga Kalgo ta iske ni Gwandu tana haki, ta kunna mini muryar wani namiji, wai babban banki ya ce jibi tsoffin kuɗi sun mutu.

Na ce, "Ɗan gidan wa ne wanga?"

Ta ce, "Yaya, ba a tambayar haka, turowa aka yi."

Ni kuwa ban taɓa karɓar labari daga wanda ban san uwarsa ba. Na bar kuɗin ƙuli-ƙulina cikin kwalla. Ita ta kwashe kuɗin adashinta kaf ta sayi ɗanyar albasa buhu-buhu, don kada su mutu a hannunta.

Ba a jima ba wayar nan dai ta kawo wata murya, wai an ƙara wa'adi. Kafin ta samu mai saye, albasar ta fara ruwa, wari ya cika ɗakinta. Ni na biya mai amalanke ya kwashe ta zuwa juji, da tsoffin kuɗi, ya karɓa har da godiya.