Tafin Hannun Kawu a Kan Inji

Warin hayaƙin gas ne ya tare ni a Ƙofar Gayan yau da safe, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Ina aji huɗu na sakandare ya ja ni Ƙofar Kibo duba wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas. Shanunsa ya sayar don ya saye ta ya riƙa kwaso masara daga ƙauye, in motar ta ba shi kunya ba shi da abin sayen wata. Dillali ya murza makulli, ta tashi nan take. Kawu ya ɗora tafin hannu a kan injin.

"Malam, wa ya ba ta shayi kafin mu zo?"

"Haba Alhaji, rana ce ta buge ta! Dubu goma sha takwas ma don kai ne."

"Rana a ƙarƙashin dalbejiya? Gobe bayan asuba zan dawo, kada kowa ya taɓa ta."

Washegari sai da aka tura ta, tana tari tana fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido. Kawu ya kaɗe rigarsa muka juyo. Ya ce mini, "In za ka tambayi inji lafiyarsa, same shi da sanyinsa."

Yanzu babban ɗansa ya ga wata motar, zai zuba gadonsa a kanta. Ni tun ina makaranta ko a aji da ƙyar nake ɗaga hannu, balle musu da manya. Amma gobe tare za mu je. Zan dafa injin, in na ji ɗumi zan ce a bari sai da asuba.

Allah ya sanyaya makwancin Kawu, ni kuma kada ya bar muryata ta yi rawa.