Ranar da Aka Sa Mama Tabita Tsallake Yarinya

Surukata ce, uwar mijina Luka, amma tun ranar da aka kai ni gidanta ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai "'yata". Sunanta Tabita, mutuniyar Salka. Ta zo Kontagora da ƙuruciyarta, har ta tsufa Hausarta ba ta miƙe ba. Takan ce wa namiji "ke", mu yi ta dariya, ita ma ta taya mu.

Ungozoma ce. A unguwarmu da wuya ka sami gidan da ba ta shiga da reza da tsumma ba, gidan Musulmi ko na Kirista. Idan haihuwa ta zo da gardama, ita ce ke cewa a nemo mota a tafi asibiti, kuma ta bi su. Tana son taba gari, ba ta son a taɓa mata tukunyar miya.

'Ya'yanta duk sun mutu suna ƙanana, sai Luka. Shi ma babur ya kayar da shi a hanyar Mashegu, ya je sayen doya, ya rasu. Ba a gama zaman makoki ba na fara jin raɗa a bakin famfo: wace irin uwa ce ke binne 'ya'yanta duka ita tana nan garau? Aka daina kiranta haihuwa. Matan da ta yi wa wankan jego suka riƙa janye 'ya'yansu idan ta wuce.

Da damina 'yar Nafisa, maƙwabciyarmu, ta kwanta da zazzaɓi. Cikin zafin ciwo yarinyar ta ambaci sunan Mama, wai don takan ba ta gyaɗa. Da hantsi sai ga mutane cike da ƙofar gidanmu, Salahuddeen ƙanen Nafisa a gaba da gora.

"Fito, mayya! Ki sakar mana kurwar yarinya!"

Mama ta fito tana ɗaura ɗankwali. Ta dube shi ta ce, "Salahu, ni na yanke miki cibiya."

Wasu suka fashe da dariya. Na sha gabanta, aka ture ni na faɗi kan turmi. Suka ja ta har tsakar gidan Nafisa, suka shimfiɗe yarinyar, suka ce ta tuɓe ta tsallake ta. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Ta tuɓe a gaban mutanen da ta fara gani tsirara. Da ta ɗaga ƙafa sai ta yi tangaɗi, ba wanda ya miƙa mata hannu. Bayan ta tsallake ta sunkuya ta taɓa goshin yarinyar ta ce, "Ku kai ta asibiti, jikinta ya yi zafi da yawa."

Sun kai ta da yamma. Aka yi mata allura, aka ƙara mata ruwa, ta warke. Warkewar nan ita ta ƙarasa Mama, domin kowa cewa ya yi, "Kun gani? Ta sake ta."

Daga ranar ba ta ƙara leƙa waje ba. A coci ma, bencin da nake zama sai ya zama nawa ni kaɗai. Ta daina cin abinci sai kunu, shi ma sai na yi ta lallashi. Wata rana ta ce mini, "'Yata, ki koma gidanku. Za su shafa miki maitar." Na ce ba inda za ni.

Ta rasu lokacin girbin dawa. Fasto ya zo, da wasu dattawa daga Salka, su suka haƙa kabarin, domin samarin unguwa sun ce ba sa taɓa gawar mayya.

Bayan sati na haɗu da Nafisa a kasuwa wajen masu tattasai. Ta kama hannuna, fuskarta cike da tausayi, ta ce, "Rhoda, sannu. Ki gode wa Allah da ya fitar da ke daga gidan nan da ranki."