Agwagwar Tullio a Tukunyar Nives

Tun ranar da Nives ta tare a gidan mijinta Tullio, a fadamar bakin kogin Po, hancinta bai huta ba. Sana'arsa sassaƙa agwagin ƙarya ce da ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, maharba su saya su watsa a ruwa don yaudarar agwagin daji. Kafin ya yi musu fenti sai ya narka kwalta da mai ya shafe su, don kar ruwa ya shige su. Warin ya kama labule, ya kama kayan sawa, har a coci mata kan matsa idan ta zauna. Haka ta yi ta haƙuri har furfura ta fito mata.

Wata Lahadi ta sauko da tukunyar tagullar da ta gada wurin uwarta, ta tuƙa polenta, tuwonsu na masara. Loma ɗaya ta kai baki ta tofar, don ɗanɗanon kwalta ta ji.

"Tullio, a tukunyar uwata ka dafa ƙazantar nan?"

"Haba Nives, tawa ce ta huje. Ai na wanke miki ita tas," in ji shi, ko kunya babu.

Ta fita rumfar da yake aiki ta ɗauko agwagwa guda, koren fentin kanta ko bushewa bai yi ba, ta dasa masa a tsakiyar tuwonsa.

"Ga nama nan, tsohon banza. Tukunyarsu ɗaya, sai ka haɗa ka cinye."