Jan Sitika a Kwalayen Farfesa

Shekara goma sha tara Anti Ƙirgau ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwaji na hawa na biyu. A lissafinta ta wanke dubu ɗari biyu da arba'in, ta fasa goma sha ɗaya. 'Ya'yanta biyar, jikoki takwas, na tara yana hanya. Mijinta tuni ya daina cewa "yanzu zan dawo", don sai ta ɗaga kai ta dubi agogo.

Binciken kumburi ake yi a wurin. Wata rana tana goge tebur, Farfesa, shugaban ɗakin, ya yi mata bayani: cikin ƙwayar halitta akwai wani ɗan furotin, yubikwitin, da ake liƙa wa sauran kamar lamba. Wani irin ɗaurin lambar kira ne ga garkuwar jiki ta tashi faɗa. Wani irin kuma, in suka jeru huɗu, mai lambar ya tafi injin niƙa ke nan.

"Huɗu?" ta ce.

"Aƙalla huɗu."

Sauran bayanin ya bi iska. Huɗun ta riƙe.

Bana aka ɗora mata kula da babban firiza, wanda ya cika har sai an sa gwiwa kafin ƙofarsa ta rufu. Ga shi nan da wata guda za a kawo jinin majinyata sittin masu kumburin gaɓoɓi. In babu wuri jinin zai lalace, a sake kiran kowa a soka masa allura, har da ƙanwarta, wadda Anti ta yi kwana goma sha ɗaya tana lallashinta kafin ta yarda da sau ɗaya.

Sai ta kafa doka: duk kwalin da ba suna a kansa, jan sitika ɗaya kowace Alhamis. Ta huɗu, shara. Farfesa ya sa hannu yana dariya, har ya ce ta fi ɗalibansa ganewa.

Cikin sati biyu ɗalibai suka rubuta sunayensu. Amma kwali goma sha huɗu na can sama, ba wanda ya ce nasa ne. Alhamis ta uku ta liƙa musu ta uku. Ranar Talata ta buɗe, sai ga biyu-biyu. Ta ƙirga sau uku. Arba'in da biyu ta liƙa, ashirin da takwas take gani.

Da ta zo juye kwandon sharar Farfesa, ga su nan a ƙasa, an murje su kamar tsaba. Goma sha huɗu cif. Ta jera masa a kan tebur.

"Anti," ya ce yana gyara tabarau, "ai ƙwayar halitta ma tana da masu ɓare lamba. In babu su, kumburi ba ya tsayawa."

"Su ma a ɓoye suke ɓarewa, ranka ya daɗe?"

"Kayan digirina ne fa."

"Me ke ciki?"

"Abubuwa masu muhimmanci."

Ta sa safar hannu ta sauko da kwali ɗaya. Ƙananan bututu tamanin da ɗaya, rubutun duk ya goge. Ta miƙa masa guda. Ya ɗaga wa fitila, ya juya, ya sake juyawa.

"Ko dai jinin ɓera ne," ya ce a hankali, "ko kuma ruwa."

"To, in jinin ƙanwata ya lalace saboda ruwa, kai za ka je ka lallashe ta. Zan ba ka adireshi."

Ya mayar da bututun cikin kwalin. Can ya roƙi a bar masa kwali uku. Ta ce ɗaya, kuma ya rubuta suna yanzu a gabanta. Ranar Alhamis shi da kansa ya zo ya karɓi sitika goma sha uku zai liƙa. Ta ƙara masa goma sha uku.

"Biyu-biyu, ranka ya daɗe. Ka manta cewa ka ɓare ɗai-ɗai?"

Ran da jinin ya iso, sittin ɗin suka shiga, har da rarar wurin kwali biyu, ƙofar kuma ta rufu da yatsa ɗaya. Kwalin Farfesa yana nan a kusurwa. A kansa ya rubuta sunansa, a ƙasa ya ƙara da ƙaramin rubutu: "Ana bincike."

Ta ba shi sati huɗu.