Mai Shayar da Sauro

Na zo jami'a neman aikin shara, aka turo ni ɗakin bincike, wai wata Dakta ce mai ɗauka. Ɗakin da ɗumi da danshi, ga wani siririn kuka da ba ya yankewa.

Tana zaune cikin farar riga, ramammiya, ta zura hannu har gwiwa cikin kejin raga. Sauro sun lulluɓe hannun baƙi ƙirin, cikinsu na kumbura a hankali. Ko motsi ba ta yi, sai murmushi take musu irin na mai jego. Ina jin babu mai jiranta a gida.

Na ce, "Dakta, a unguwarmu kyauta suke. In kawo miki buhu guda?"

"Waɗannan a hannuna aka ƙyanƙyashe kakanninsu," in ji ta. "In suka kwana da yunwa, binciken da nake yi kan zazzaɓin cizon sauro ya mutu. Ni kuma jinina ya yi ƙasa."

Ba fuskata take kallo ba, damtsena take kallo.

"Kana son aikin, ƙanena? Naɗe hannun riga."

Ina so mana. Ga ni ina naɗewa, kukan kejin sai ƙaruwa yake.